Yadda ake zuwa taron 'yan Druid na tsakiyar bazara a Ingila, ga mai son gani da idonsa

Duk shekara in watan Yuni ya kai wajen 20 ko 21 zaka ga hotunan nan sun cika labarai a Birtaniya, mutane da fararen riguna har ƙasa, wasu da ganye ɗaure a ka wasu da doguwar sanda, sun tsaya a tsakiyar da'irar manyan duwatsun nan na tarihi da ake kira Stonehenge suna jiran fitowar rana. 'Yan Druid kenan, kuma ranar itace wuni mafi tsawo a shekara a wannan ɓangaren na duniya, su suna ce mata Alban Hefin. 'Yan uwanmu da yawa dake karatu ko aiki a can suna son suje su gani amma tsoro ya hana, wani yace matsafa ne, wani yace ai 'yan shaye shaye ne kawai, wani kuma ya tafi haka nan ba shiri ya kwana yana rawar ɗari ya dawo bai fahimci komai ba. To ni abinda nake so in faɗa maka shine ana iya zuwa, kaje a matsayin baƙo ka gani ka ji ka gaisa da mutane ka dawo da mutuncinka da addininka ba abinda ya taɓa su, amma fa sai ka san wane taro zaka je, kuma ka yanke iyakarka tun daga gida, ba sai an miƙo maka kofi a tsakiyar da'ira ka fara inda inda ba.

Fara sanin wa zaka je wurinsu

Druid na asali sune malamai da alƙalai da masu kula da addinin mutanen Celt, a ƙasar da yanzu take Faransa da kuma Birtaniya da Ireland, shekara 2000 da ɗoriya da suka wuce. Basu rubuta iliminsu ba, da ka suke haddace shi, Julius Caesar ya rubuta cewa wani sai ya shekara 20 yana karatun kafin ya gama. Kusan duk abinda aka sani akansu baƙi ne suka rubuta, wasu ma abokan gaba, don Rumawa ne suka kai musu hari a tsibirin Anglesey na Wales wajen shekara ta 60 miladiyya, daga nan abin ya dinga mutuwa har ya ɓace.

Waɗanda zaka gani yanzu sabon tashi ne kuma yawancinsu basa ɓoye hakan. A 1781 aka kafa Ancient Order of Druids a Landan, ita ma ta fi kama da ƙungiyar zumunci da taimakon juna, har Winston Churchill ya shiga cikinta a 1908. A 1792 wani mutumin Wales da ake kira Iolo Morganwg ya tara mawaƙa akan tudun Primrose Hill a Landan ya jera duwatsu a da'ira yayi taron da ya kira Gorsedd, kuma da yawa daga addu'o'i da tsarin da ake bi yau daga hannunsa suka fito. Sai a 1964 Ross Nichols ya kafa Order of Bards, Ovates and Druids, wadda kowa ke cewa OBOD, Philip Carr-Gomm ya riƙe ta daga 1988, a 2020 ya miƙa wa Eimear Burke, mace ce 'yar Ireland. A 2010 hukumar dake rajistar ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales ta amince da Druid Network a matsayin ƙungiyar addini. Basu da yawa fa, a ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 waɗanda suka rubuta addininsu Pagan, wato masu bin addinan gargajiya irin na kafin zuwan kiristanci, sun kai wajen dubu 74 amma waɗanda suka rubuta Druid kai tsaye basu kai dubu 3 ba.

Basu da littafi ɗaya da kowa ke bi, basu da aƙida ɗaya. A da'ira guda zaka samu mai cewa akwai alloli da yawa, da mai cewa ƙasa da bishiya da kogi duk suna da ruhi, da kirista mai zuwa coci ranar Lahadi, da wanda zai ce maka shi bai yarda da komai ba falsafa ce kawai da son daji. Basa yanka, babu jini, babu wanda zai nemi gashin kanka ko sunan mahaifiyarka. Abinda ya haɗa su shine girmama halitta, tuna magabata, da waƙa da labari. Sannan wani abu, Stonehenge ba Druid ne suka gina ba, an fara aikin wurin wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, manyan duwatsun kuma wajen 2500, tun kafin a san wani Druid. Masu binciken tarihi irin su John Aubrey da William Stukeley ne suka haɗa su a ƙarni na 17 da na 18. Dan Allah karka je kana musu da mutane akan wannan kamar ka kamo su da ƙarya, sun fi ka sani, zasu ce maka eh haka ne, amma wurin an gina shi ne yana fuskantar fitowar ranar bazara da faɗuwar ranar hunturu shi yasa muke zuwa.

Wane taro zaka je

Nan ne mutane ke kuskure, suna ɗauka Stonehenge shine komai. Daren tsakiyar bazara a Stonehenge taro ne na kowa da kowa, English Heritage masu kula da wurin suna buɗe shi kyauta daga yamma har safiya, dubban mutane ne, a 2014 an ƙiyasta kusan dubu 36, kuma a cikinsu 'yan Druid na gaske kaɗan ne, sauran 'yan yawon buɗe ido ne da matasa da makaɗa da iyalai da masu neman hoto. In abinda kake so kenan, ka tsaya kusa da duwatsun da a yawancin ranakun shekara daga bayan igiya ake kallonsu, to ka je, ya cancanta. Amma in kana so kaga yadda suke gudanar da abinsu a natse har ka ji abinda ake faɗa, ba nan bane.

Avebury ta fi min, tana cikin yankin Wiltshire inda Stonehenge take, da'irar duwatsun ta fi ta Stonehenge faɗi nesa ba kusa ba har ƙauye ne guda a cikinta, kuma kullum a buɗe take zaka iya yawo tsakanin duwatsun. Tun 1993 ake taron Gorsedd a can wanda kowa ke iya tsayawa ya kalla. Sai Glastonbury a Somerset inda OBOD ke taronta na bazara cikin watan Yuni, ana hawa tudun Tor mai tsayin mita 158 wanda ke da tsohuwar hasumiyar cocin St Michael a samansa ayi taro a can, da dare kuma a koma ɗakin taro na gari ayi waƙa da ci da sha. Na ɗakin taron da tikiti ne kuma 'yan ƙungiya ake fara ba, don haka ka tambaya da wuri. Garin bashi da tashar jirgin ƙasa, ko ka sauka Castle Cary ka nemi tasi ko ka hau bas daga Bristol.

Akwai kuma sansanin kwana uku zuwa mako guda da ake yi a gonaki, da tanti da wuta da kicin na kowa, wasu a Yuli wasu wajen 1 ga Agusta lokacin bikin fara girbi da suke kira Lughnasadh. Nan ne zaka ga zaman tarensu sosai. Sannan kusan kowane yanki yana da ƙaramin rukuni da suke kira grove, mutum goma ko ashirin, suna haɗuwa a daji ko filin shaƙatawa sau 8 a shekara, da yawansu suna da taron da suke buɗewa baƙi. In ka tambaye ni, da wannan zaka fara. Ka nemo su a Facebook ko shafin ƙungiyar, ka tura saƙo gajere kace ni wane ne, daga ƙasa kaza nake, ni musulmi ne ko kirista, ina so in zo in kalla kawai ba zan shiga ibada ba, ya halatta? Wallahi wannan saƙon guda ɗaya yana warware rabin matsalar, don kafin ka iso sun san da zuwanka sun san matsayinka.

In kuma kai sam baka son ko kusa da abinda ya shafi bauta, akwai Gorsedd na Wales da ake yi a National Eisteddfod, bikin waƙa da adabin Wales, makon farko na Agusta, suma da dogayen riguna fari da shuɗi da kore da shugabansu Archdruid, amma wannan karramawa ce ga masu yiwa harshen Wales hidima, har Rowan Williams an shigar da shi a 2002 shekarar da aka zaɓe shi shugaban cocin Ingila. Ana zare takobi rabi a tambayi jama'a ko akwai zaman lafiya, su amsa da akwai, a mayar da shi kube.

Kaya

Karka bari kalmar bazara ta yaudare ka. Da rana zaka iya yawo da riga ɗaya amma wajen ƙarfe 3 na dare a filin Salisbury inda Stonehenge take sanyi ne mai shiga ƙashi ga raɓa ta jiƙa ciyawa sharkaf. Riga akan riga, jaket mai tare ruwa, hular sanyi, safa mai kauri da wata a jaka, takalmi rufaffe wanda baka jin tausayinsa. Ƙaramin bargo, tocila, fawa banki, ruwa a gorar roba, dabino ko biskit. In sansani ne ƙara tanti da jakar barci da kofinka da faranti da cokali, da buta ko gorar da zaka yi tsarki da ita don bayan gidan nasu sau da yawa rami ne da ake zuba garin katako, ba ruwa. Dogon wando ya fi saboda kaska a cikin ciyawa, in ka dawo ka duba jikinka da kyau don tana sa cuta.

Kar ka sayi farar riga kace zaka saje. Launin rigunan yana da ma'ana a wurinsu, a OBOD matakai uku ne, Bard masu waƙa da labari shuɗi, Ovate masu ilimin itatuwa da magani kore, Druid fari, kuma mutum yana shekaru kafin ya wuce mataki. Kayanka na kullum sun isa, mace da hijabinta ba mai ce mata komai. Abinda ya kamata ka riƙo shine ɗan abin ci na rabawa, burodi ko 'ya'yan itace ko cincin in kana da shi, baƙon da yazo da hannu biyu ba'a manta shi.

Yadda taron yake tafiya

Ana tsayawa ne a da'ira, kowa yana ganin kowa, ba liman a gaba ba sahu. Wani mai shela zai buga sanda ko ya busa ƙaho yace a natsu, daga nan ka kashe waya ka rufe baki. Abu na farko shine kiran zaman lafiya, wani zai fuskanci arewa ya ɗaga hannu ya roƙi zaman lafiya a arewa, haka kudu da yamma da gabas, sannan kowa ya haɗa baki a roƙi zaman lafiya a duniya duka, don a wurinsu ba'a fara komai sai an tabbatar ba mai riƙe da wani a zuciya. Gaskiya wannan wurin yana taɓa ni duk sanda na gani, mutanen da basu san juna ba sun tsaya cikin ciyawa da sanyin safiya abinda suka fara nema shine lafiya ga kowa.

Sai a zagaye da'irar da sanda ko takobi ana bin hanyar da rana ke bi, wato yadda hannun agogo ke juyawa, wani ya biyo da ruwa yana yayyafawa wani da turaren wuta. In baka so ruwan ya taɓa ka sai ka ja baya taku biyu tun kafin a iso kanka. Daga nan a buɗe kusurwa huɗu, gabas da iska da shaho, kudu da wuta da barewa, yamma da ruwa da kifin salmon, arewa da ƙasa da dabbar bear, kowa yana juyawa ya fuskanci inda ake kira. A kira magabata da ruhin wurin, a karanta addu'ar Druid ɗin nan ta Iolo wadda ke neman kariya da ƙarfi da fahimta da ilimi da son adalci, kowa ya saka sunan abinda yake bautawa a farkonta. Sai Awen. Kowa zai ja numfashi a rera kalmar a hankali a ja ta, a-u-en, sau uku ko tara, muryoyi suna hawa kan juna har kaji ƙirjinka yana amsawa. Awen a wurinsu shine ilhamar dake sauko wa mawaƙi da mai hikima, alamarta layi uku ne da ɗigo uku a sama, zaka ganta a wuyan mutane da tutoci ko'ina.

Tsakiyar taron ya danganta da lokaci. A Alban Hefin maganar rana ce da ta kai ƙarshen ƙarfinta kuma daga ranar zata fara ja baya, wasu rukunin suna wasan faɗa tsakanin sarkin itacen oak da sarkin itacen holly, na biyun yayi nasara don shine mai rabin shekarar da wuni ke raguwa. Wani lokacin a ɗaura aure ta hanyar ɗaure hannun ango da amarya da igiya, ko a yiwa jariri addu'a, ko a kira sunayen waɗanda suka rasu cikin shekarar. Daga nan a zagaya da burodi da abin sha, a riƙe hannun juna ayi alkawarin zaman lafiya da ƙauna sau uku, a sallami kusurwoyin a kwance da'irar ta baya. Duka duka awa ɗaya ne ko ƙasa da haka. In dole ta sa zaka fita a tsakiya, ka fita ta bayanka a hankali, karka ratsa ta tsakiyar fili, kuma karka taɓa sandar wani ko gangarsa ko abinda aka ajiye a tsakiya sai da izini.

Iyakarka

Wannan shine wurin da nafi so ka tsaya ka karanta da kyau. Abinda suke yi ibada ce a wurin da yawansu, ba wasan kwaikwayo bane, kuma yadda bai kamata ka raina musu ba haka bai kamata ka yaudari kanka kace ai al'ada ce kawai ka shiga kana amsawa ba. Kiran ruhohi da alloli da magabata da ɗaga hannu ga rana, musulmi ya san hukuncin wannan, kirista mai riƙo da addininsa ma ya sani. Mafita mai sauƙi itace ka tsaya a wajen da'irar, taku uku ko huɗu a baya, hannunka a gefe bakinka shiru, ka kalla. Suna da mutane irin haka kullum, miji ya rako matarsa, ɗalibi mai bincike, mai wucewa da karensa. Ba wanda zai ji haushi, basa wa'azi basa jawo mutum cikin addininsu, hasali ma ka faɗi gaskiyar matsayinka ya fi musu daɗi akan ka shiga kana abin da zuciyarka bata yarda da shi ba. In kuma zuciyarka bata kwanta ba ko da kallon, tambayi malamin da ka yarda da shi kafin ka sayi tikiti, in yace bari to ka bari, Avebury tana nan kowace rana zaka iya zuwa ganin duwatsu ranar da ba taro.

Abin shan da ake zagayawa da shi cikin ƙaho ko kofi sunansa mead, da zuma ake yi amma giya ce, kar sunan zuma ya ruɗe ka. Sau da yawa akwai ruwan tuffa a kofi na biyu don yara da masu tuƙi da waɗanda suka daina sha, amma shima ɗin in cikin da'ira ne an riga anyi masa addu'arsu, don haka ka dafa ƙirji ka ɗan sunkuyar da kai kace na gode a wuce. Zaka ga wasu da basa sha suna zuba kaɗan a ƙasa, kai karka kwaikwaya, wannan sadaka ce ga ƙasa da magabata. Abinci a sansani yawanci ganye da wake ne ba nama, wanda sauƙi ne a gare mu, amma ka tambaya ko an sa giya a miya ko a kek. Suna da yawan rungumar juna maza da mata, in baka yi sai ka riga su, hannu a ƙirji da murmushi, suna ganewa nan take. Wasu sansanonin suna da ɗakin gumi ko wurin wanka inda mutane ke tuɓewa, a rubuce yake a takardar shirin, ka karanta ka san inda ba zaka bi ba.

Sallah kuma sai ka shirya mata, don rana tana faɗuwa wajen 9 da minti 25 na dare ta fito wajen 5 saura minti 8, kuma a wannan lokacin shafaƙi baya ɓacewa sosai a Ingila shi yasa jadawalin isha da asuba yake bambanta daga masallaci zuwa masallaci, ka riƙe na masallacin da kake bi. Ka taho da alwala in zaka iya, ka nemi gefe can nesa da duwatsun da cunkoso, alƙibla kudu maso gabas take. Kayi asubarka da wuri ka gama tun kafin gari ya fara ja, ka san dai ba'a sallah daidai fitowar rana, balle a wurin da mutane suka taru don ita.

Waƙa da wuta

Bayan an gama sai abinda suke kira eisteddfod, kuma ni a ganina nan ne zaka san mutanen. Ana zama a kewaye wuta, duk mai abin faɗa ya tashi, wani da molon harp wani da jita wani da gangar hannu ta Ireland mai suna bodhran, wata tsohuwa ta karanta waƙar da ta rubuta wa mijinta da ya rasu, yaro ɗan shekara bakwai ya bada labarin da bashi da kai ba ƙafa a tafa masa kamar wani gwani. Yana tuna min da hirar dandali da farin wata, kowa da nasa kuma ba mai katse wani. Dokar wurin ɗaya ce, in mutum ya tashi a saurare shi har ya gama, ko muryarsa tana rawa ko ya manta baiti, don a wurinsu tashin ma kansa abin girmamawa ne.

Labarin da ba makawa sai ka ji shine na Taliesin. Wata mata mai suna Ceridwen tana da ɗa mummuna, tace tunda bashi da kyau bari ta dafa masa hikima, ta ɗora tukunya ta shekara guda da kwana ɗaya ta sa wani yaro Gwion yana juyawa. Ranar ƙarshe ɗigo uku suka fantsalo a babban yatsansa, zafi yasa ya tura a baki, duk hikimar ta shige shi. Ya gudu ta bi shi, ya zama zomo ta zama kare, ya zama kifi ta zama karen ruwa, ya zama tsuntsu ta zama shaho, ya zama ƙwayar hatsi ta zama baƙar kaza ta haɗiye shi, bayan wata tara ta haife shi, kyansa ya hana ta kashe shi ta saka shi a jakar fata ta jefa a ruwa, wanda ya tsince shi ya sa masa Taliesin, ya zama babban mawaƙin Wales. In ka riƙe wannan labarin rabin waƙoƙin da alamomin da zaka gani zasu buɗe maka, tukunya, ɗigo uku, zomo, duk daga nan ne.

Kuma ka shirya, in suka ji daga inda ka fito zasu roƙe ka kayi musu wani abu. Wannan ba ibada bace, hira ce, in kana so kayi. Tatsuniyar gizo da ƙoƙi ɗaya, ka fara da ga ta nan ga ta nan ku ka koya musu amsawa, ka bada ita da Turanci amma waƙar cikinta ka rera da Hausa. Mutane ne da suka ɗauki labarin baka da daraja ƙwarai kuma suna jin ciwon nasu da ya ɓace, in suka ga wanda ya ji nasa daga bakin kakarsa zaka ga yadda suke natsuwa. Ka riƙe shi gajere, minti biyar ya isa.

A sansani ba baƙo bayan kwana ɗaya. Da safe ana taron kowa da kowa a faɗi shirin ranar a raba aiki, yankan albasa, wanke tukwane, faskaren ice, ɗebo ruwa, gyaran bayan gida, ka ɗaga hannu ka ɗauki ɗaya, a wurin wanke wanke zaka yi abokai fiye da ko'ina. In anyi zaman da ake miƙa sanda, mai riƙe da ita ne kaɗai ke magana, in ta zo hannunka baka da abin cewa ka faɗi sunanka ka miƙa gaba, kuma abinda kaji a zaman ya tsaya a nan. Hoto kuma sai da izini, wannan da gaske nake, akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti a cikinsu da ba kowa ya san addininsu ba a wurin aiki, ka saka fuskar mutum a TikTok kana iya jawo masa abinda baka zata ba. Lokacin ibada kam waya a aljihu.

In Stonehenge ɗin dai ka zaɓa

Jirgin ƙasa daga tashar Waterloo a Landan zuwa Salisbury wajen awa ɗaya da rabi ne, daga tashar akwai bas na musamman da ake sawa a daren, ya fi maka mota don fakin da kuɗi ne kuma hanyar A303 tana cushewa. Daga inda za'a sauke ka akwai tafiyar ƙasa mai ɗan nisa cikin fili. Akwai bincike a ƙofa, an hana giya tun 2016, ba kwalba, ba babbar jaka, ba tanti ko jakar barci, ba wuta ko kyandir, ba lasifika, ba jirgi mara matuƙi, ba dabba sai karen jagora. Ka duba shafin English Heritage kwana biyu kafin ranar don lokacin buɗewa da dokokin suna ɗan canzawa.

Ka san kuma wannan buɗewar ba haka kawai ta samu ba. Daga 1974 ana wani bikin kiɗa na kyauta a gefen duwatsun har 1984, a ranar 1 ga Yuni 1985 'yan sanda suka tare ayarin masu zuwa akayi arangamar da ake kira Battle of the Beanfield aka kama sama da mutum 500, daga nan aka rufe wurin a lokacin bazara shekara da shekaru. 'Yan Druid irin su Arthur Pendragon, wanda zaka iya ganinsa da takobi da farar riga mai jan dodo, sun sha kamu da shari'a akan a buɗe, sai a 2000 aka dawo da barin jama'a su shiga. Shi yasa in ka ga tsofaffin cikinsu suna faɗa da mai hawa kan dutse ko mai zubar da shara ka gane dalili, sun san abinda aka sha kafin a samu. Karka hau, karka kankare, karka manna komai.

Tsakiyar duwatsun cunkoso ne da ganguna har gari ya waye, in baka son matsi ka shiga da wuri wajen faɗuwar rana ka gani ka fito. Don fitowar rana ka nemi wuri tun ƙarfe 4 inda kake hango Heel Stone, dutsen nan guda dake tsaye shi kaɗai a arewa maso gabas, ta gefensa rana ke ɓullowa. Wata shekarar gajimare ne zai rufe komai ba'a ga ranar ba sai dai gari yayi haske, jama'a suyi ihu da tafi duk da haka, don haka karka ɗora duk zuwanka akan hoto ɗaya. Ku je ku biyu ko uku, ku sa wurin haɗuwa tun da farko don netwok yana wahala in mutane sunyi yawa, mace kar ta ware ita kaɗai cikin duhu, kuma duk wanda ya miƙo maka abin sha ko hayaƙi kace a'a na gode. Ana rufe wurin da safe wajen ƙarfe 8, layin bas yana da tsawo, ka kwashe sharar ka a leda ka fito da ita, tikitin jirgin komawa kuma ka sayi wanda ba'a ɗaure shi da lokaci ɗaya ba, sannan karka sa wani aiki ko lakca a wannan ranar don barci zaka yi har la'asar.